FADAR DUTSE TA EDINBARA, DA YADDA YA KAMATA BAƘO YA DUBA TA

Duk hakimi ko malamin hakimi da Allah ya nufe shi da zuwa Edinbara, babban birnin ƙasar Sikotlan da ke arewa da Ingila, to, da fitowarsa daga tashar jirgin ƙasa zai hangi wani baƙin dutse tsaye a tsakiyar gari, da ganuwa da soraye a bisansa. Wannan ita ce tsohuwar fadar sarakunan ƙasar. Ba irin ganuwar da muka saba gani ba ce. Ta Kano ta kewaye gari ne duk da gonaki da kududdufai, amma wannan sarki kaɗai ta kewaye, da askarawansa da taskarsa. Watau rabi fada ce, rabi ribaɗi.

Yawancin baƙi sukan nufi ƙofa kai tsaye, su biya kuɗin shiga, su kalli kayan sarauta, su fito. Shawararmu ita ce mutum ya fara kewaya gindin dutsen da ƙafa, domin ba a gane dalilin ginin sai daga ƙasa. Tafiyar kuwa ba ta wuce sa'a guda.

A fara daga kudu, a filin da suke kira Kasuwar Ciyawa, inda dā ake cinikin dawaki da shanu. A bi ta yamma, a faɗa lambun da ke arewa. In an ɗaga kai za a ga dutsen ya miƙe kamar bango ta fuska uku, tsawonsa a wasu wurare ƙafa 260. Masana sun ce maƙogwaron dutse mai aman wuta ne wanda ya mutu tun zamani mai nisa. Ta gabas kaɗai ƙasa ta gangara sannu a hankali, can kuwa aka yi ƙofa, aka tara tsaro. Lambun nan ma dā tafki ne, wanda aka datse a ƙarni na 15 don ƙarin kariya, daga baya aka janye ruwan. Akan rufe wasu 'yan hanyoyi na jikin dutsen saboda duwatsu masu gangarowa, kada baƙo ya ƙetare shinge.

To, ga abin mamaki. Ta wannan fuskar arewa da ake ganin ba ta hawuwa, ta nan aka ci fadar. Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya kama ta a 1296, ta zauna hannun Ingilishi shekara 18. A 1314 Thomas Randolph, jarumin Sarki Robert Bruce, ya ɗebi mutum wajen talatin, suka hau da tsakar dare. Jagoransu wani ne da ya taɓa zama a ciki, an ce ta wannan hanya yake saukowa zance cikin gari a ɓoye. Masu gadi sun dogara ga dutse, hankalinsu yana wajen ƙofa. Da Bruce ya sami fadar sai ya sa aka rushe ta, don kada abokan gaba su sake samun wurin fakewa. Ɗaki guda ya bari, wani ɗan ɗakin ibada na Kirista wanda Sarki David na Ɗaya ya gina wajen 1130 don tunawa da mahaifiyarsa Margaret. Yana nan har yau, ba ya cin fiye da mutum ashirin, kuma babu ginin da ya girme shi a duk birnin.

Kafin a bar lambun, a duba kangon wata hasumiya a gindin dutsen. An gina ta ne don tsare wata maɓuɓɓuga, domin babban ciwon fadar shi ne ruwa. Rijiyar da ke sama an sassaƙa ta cikin dutse har ƙafa 110, amma ruwanta kaɗan ne. A 1571 William Kirkcaldy ya rufe ƙofa, yana riƙe da fadar da sunan Sarauniya Mary wadda aka tuɓe. Shekara biyu aka yi ana kewaye da shi ba a ci shi ba. A watan Mayu na 1573 igwogin Ingila suka buɗe wuta, babbar hasumiyar gabas ta zube, ɓaraguzanta suka cike rijiya. Ba a yi mako guda ba ya miƙa wuya, daga baya aka rataye shi. Wanda ya taɓa riƙon ƙasar da rijiyoyinta ke ƙafewa da bazara ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sa'an nan a hau ta gabas a shiga. Akwai kambin sarauta da aka ƙera a 1540, da ɗan ɗakin da aka haifi Sarki James na Shida a 1566. Akwai kuma wata ƙatuwar igwa, Mons Meg, da aka yi wa Sarki James na Biyu kyautarta a 1457. Nauyinta tan shida, tana jefa curin dutse mai laba 330 har kusan mil biyu. Kada baƙo ya firgita in ya ji ƙara da ƙarfe ɗaya na rana. Wata igwa ce dabam, wadda tun 1861 ake bugawa, asali don matuƙan jiragen ruwa su daidaita agogo. Ba a buga ta ran Lahadi.

Mai sauran ƙarfi sai ya gangara titin da ya miƙe daga ƙofa, mil guda, har fadar Holyrood. Bayanta akwai tudun da ake kira Kujerar Arthur, ƙafa 820 da 'yan kai bisa teku, da hanyoyin ƙafa masu hawa har ƙoli. Daga can ake ganin fadar da gari da bakin teku gaba ɗaya. A sa takalmi mai riƙe ƙasa, a riƙe rigar sanyi ko da rana ta fito, domin iskar wurin ba ta da alkawari. In kuwa a watan Disamba ne, a yi sammako, don rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu.