Farautar Kurege da Gafiya a Gona, Daga Bazara Zuwa Tsakiyar Damina

Malam manomi, sau nawa ka yi shuka, bayan kwana shida ko bakwai ka je duba tsiro, ka tarar da kunya guda ba ko ganye ɗaya? In ka durƙusa ka duba sosai sai ka ga kowane gurbi an tone shi, an bar ɗan rami kamar na dara, ga ɓawon gyaɗa a gefe. Wasu su ce iri ne ba shi da kyau, wasu su ce tsuntsu ne. A galibin gonakin tudu aikin kurege ne. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka gane ɓarawon gonarka, da lokacin da ya fi kyau ka far masa, da yadda za ka yi farautar ba tare da ka jawo wa kanka ko maƙwabcinka asara ba.

Fara gane wanda yake maka ɓarna

Kada ka ɗana tarko sai ka san wanda kake nema, domin ba lokaci ɗaya suke fitowa ba.

Kurege na rana ne. Yakan fito da hantsi in rana ta ɗan ɗaga, ya koma rami da tsakar rana saboda zafi, ya sake fitowa wajen la'asar. Ka san shi da farin layi a kowane gefen jikinsa da wutsiya mai gashi buzu-buzu. Babba bai cika wuce kilo 1 ba. Yana son tsohon suri, da gindin kututture, da tsibin duwatsu a bakin gona, raminsa kuwa yakan yi ƙofa fiye da ɗaya. Abin da ya sa ɓarnarsa take da ciwo shi ne ba ya yin ta a warwatse. In ya gano gurbi ɗaya, sai ya bi layin shukar yana tonowa ɗaya bayan ɗaya, wani ya ci, wani ya je ya binne don gaba. Gyaɗa da masara da gurjiya su ya fi so. Daga baya kuma ya koma kan rogo da dankali, da gyaɗa in ta soma ƙwari.

Gafiya, wadda ake kiran ƙaton namijinta burgu, ta dare ce. Takan kai kilo 1 zuwa 1 da rabi, rabin wutsiyarta na ƙarshe fari ne. Tana da jaka a kumatu biyu, nan take cusa hatsi ta yi ta jigila zuwa rami har gari ya waye. Da ma Hausawa sun ce, gafiya tsira da na bakinki. Wanda ya taɓa tona raminta ya san ba wasa take yi ba, don akan tarar da rumbu sosai a ciki. Idonta ba shi da ƙarfi, hancinta ne abin tsoro. A ƙasar Tanzaniya har horar da danginta ake yi su shinshino nakiyar da aka binne a ƙasa. To, dabbar da take jin warin nakiya, ina irin gyaɗarka zai ɓuya mata? Cikinta wata ɗaya ne ko abin da ya ɗara kaɗan, tana kuma iya haihuwa sau da dama a shekara.

In gonarka a fadama take ko bakin rafi, akwai na uku, watau gyazbi, wasu su ce gyauji. Shi bai damu da tonon iri ba. Jira yake shuka ta tashi ya datse karan daga gindi a karkace, kamar an sa wuƙa. Rake da shinkafa da masara su ne abincinsa. Ya fi su duka girma, yakan kai kilo 4 zuwa 6, kuma bai cika haƙa rami ba, cikin ciyawa mai duhu yake kwana.

Dalilin da ya sa bazara ta fi

Yawancin manoma ba sa tuna kurege sai ya riga ya yi ta'adi. A lokacin kuwa ciyawa ta fito ta rufe ramuka, abinci ya wadata ko'ina, ga noman firi ya taso, ba ka da ranar zaman jiran tarko.

A watan Maris da Afrilu al'amarin dabam ne. Gona fili take fetal, kana hango kowane rami daga nesa. Abinci ya yi wuya a daji, saboda haka ɗan guntun ƙuli-ƙuli a kan tarko babbar gara ce. Har wa yau, haihuwar irin waɗannan dabbobi ta fi yawa in abinci ya samu, don haka mace ɗaya da ka cire da bazara ta rage maka bakuna da dama a damina.

Yi lissafi da kanka. A ce kurege biyu ne kawai a bakin gonarka, kowanne yana tone gurbi 40 a rana. A mako ɗaya gurbi 560 ke nan. Za ka ce ai sai in cike giɓin. Gaskiya ne, amma cikon da aka yi bayan kwana 10 ba ya kamo na fari. Manyan su yi masa inuwa, su shanye takin, ya ƙare a siriri. Ka sayi iri sau biyu, ka yi aiki sau biyu, amfanin kuwa bai cika ba. Wanda ya yi binne, watau ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, shi ya fi kowa shiga hatsari, don irinsa zai daɗe a kwance ba mai tsaro.

Nemo ramin da ke da mai shi

Ba kowane rami ne ake kwana a ciki ba. Kada ka ɓata ƙarfinka a kan kango. Zagaya gona da yamma da fartanya, ka toshe duk ramin da ka gani da ƙasa, ka ɗan taka, ka kafa kara kusa da shi don shaida. Washegari da sassafe ka dawo. Wanda ka tarar an buɗe cikin dare, mai yawon dare ne, galibi gafiya. Wanda yake a toshe da asuba amma ya buɗe kafin azahar, to na kurege ne. Wanda ya kwana biyu a toshe ka rabu da shi. Sabuwar ƙasa a bakin rami, da sawu, da kashi, da ɓawon gyaɗa ko ƙwallon mangwaro da aka gwaguya, duk shaida ce.

Tun da kana zagayen, ka kwashe tsibin kara da ƙaya da ke bakin gona, ka sare ciyawar iyaka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gonar da aka bar wa maɓoya a kowane gefe ita take kiran baƙi.

Tarko

A ganinmu tarko ya fi duk sauran hanyoyi ga manomi ɗaya, domin yana aiki kai kana wani aikin. Na ƙarfe wanda maƙera suke ƙerawa ya isa, sai dai ka zaɓi madaidaici, ba irin na manyan namun daji ba. Zargen waya ma yana kamu in an kafa shi daidai bakin rami ko a kan hanyar gyazbi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Gafiya tana zargin duk sabon abu. Ajiye tarkon ba tare da ka ɗana shi ba, da abinci a kai, dare biyu ko uku. In ka ga tana cinyewa, a dare na gaba ka ɗana. Soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, guntun dankali ko busasshen kifi duk suna jawo ta. Na gafiya ka ɗana da magariba ka duba da asuba. Na kurege ka ɗana da sassafe, ka yayyafa masa ƙasa mai laushi ta rufe ƙarfen, ka zuba ƙwayar gyaɗa ko masara kaɗan, ka duba kafin azahar da kuma yamma. Ka ɗaure kowane tarko da sarƙa ko waya a jikin turke, in ba haka ba sai ka rasa tarko da nama gaba ɗaya.

Kowace rana ka duba. Dabbar da ta kamu ka gama da ita nan take, kada ka bar ta tana wahala a rana. Kuma tilas ne ka sanar da maƙwabtan gona da makiyayan da ke bi ta wurin. Tarkon da ya karya ƙafar akuyar wani, ko ya kama yatsan yaro, ya jawo maka rigimar da ta fi ɓarnar kurege. Inda yara da dabbobi suke yawan wucewa, tura tarkon can cikin bakin rami ka kife shi da ƙaya.

Shi gyazbi ba ya son ƙetare fili. Share tsiri mai faɗin taku 2 ko 3 kewaye da gonar rake ko shinkafa, ka yi shinge ƙasa-ƙasa, ka bar 'yan ƙofofi a kan hanyoyin da ya saba bi. A ƙofofin nan za ka ɗana.

Tono, hayaƙi da gayya

In ramuka sun yi yawa, ku haɗu. Kai kaɗai in ka share gonarka, na maƙwabci za su cike gurbin cikin 'yan makonni. Ku sa rana ɗaya, masu gonakin da ke jere, da dagi da fartanya da sanduna da karnuka. A toshe duk ƙofofin rami a bar ɗaya. A nan za a tona, ko a ɗura ruwa in rafi yana kusa, ko a yi hayaƙi da busasshiyar ciyawa da ɗanyen ganye a kai ana fifitawa.

Wajen hayaƙi ka yi hattara. Share wurin tukuna, ka ajiye tsibin ƙasa kusa, kada kuma ka bar wurin sai toka ta huce. Iskar bazara ba ta da amana. Cinna wa daji wuta don a kori namu kuwa kada ka yi, kada ka bar yaranka su yi. Don gafiya biyu sai a ƙone ciyawar dabbobin gari, da kananan itatuwa, da ganyen da zai ruɓe ya zama taki, wani sa'in har da rumbun wani.

Kafin ku fita a ƙungiya ku gaya wa mai unguwa ko dagaci. A zamanin nan taron mutane da makamai a bayan gari yana iya sa a ɗauke ku abin da ba ku ba ne. Mai bindiga ya tabbata yana da izinin riƙe ta, kada kuma ya harba inda bai ga abin da ke bayan dabbar ba. Gaskiyar magana ma, harsashi a kan kurege asara ce.

Kada ka sa hannu a rami

Wannan ko kusa. Ramin gafiya da tsohon suri gidan maciji ne. Kububuwa, da kasa, da gamsheƙa duk suna shiga neman sanyi da ɓeraye. Tura sanda, kada hannu. Sa takalmi mai rufe ƙafa. Saran maciji ya fi yawa a farkon damina da lokacin girbi, dafin kububuwa kuwa hana jini daskarewa yake yi, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da sauran wurare ko bayan kwana ɗaya ko biyu. In abin ya auku, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tam da igiya, kada a tsotsa. A hana mutumin tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti musamman don wannan, amma kowa ya binciki mafi kusa da shi tun kafin bukata ta taso.

Maganar guba

Za ka ji masu cewa ai ba sai ka sha wahala ba, zuba magani kawai. Guba ba ta zaɓe. Kaji da zabi su tsinci hatsin, kare ya ci mushen, shaho da mujiya da ungulu su bi bayansa. Shaho da mujiya da tunku kuwa su ne 'yan ƙodagon da suke rage maka ɓeraye dare da rana ba ka biyan su ko kwabo. Mafi muni, wani ya tsinci gafiyar da ta ci guba ya kai gida ko kasuwa. Ƙwayar da ake sa wa hatsi a rumbu, irin su Phostoxin, iskarta tana kashe mutum, ba abin jefawa a rami kusa da gida ba ce. In ɓarna ta fi ƙarfin tarko, je ka ga malamin gona na yankinku ya zo ya duba, kada ka haɗa wani abu da kanka. Ka kuma sani hodar da ake garwaya iri da ita kafin shuka an yi ta ne don ƙwari da ruɓa, kada ka dogara da ita ta tsare maka kurege.

In za a ci naman

Wasu suna ci, wasu ba sa ci. Ga mai ci, dabbar da ka tsinta a mace ko ka ga tana tangaɗi, binne ta da zurfi. Mai rauni a hannu kada ya feɗe. A wanke hannu da wuƙa da sabulu, a dafa naman ya nuna har ciki. Gafiya da kurege suna cikin dabbobin da ake zargi da ɗaukar ƙyandar biri. A 2003 cutar ta ɓulla a Amurka ta hanyar gafiyoyi da wasu ƙananan namun daji da aka kai daga Ghana, ta kuma sake bayyana a Nijeriya a 2017.

Ƙananan ɓerayen da yara suke kamowa a bayan masu tono su ne suka fi hatsari. A cikinsu akwai mai nonuwa da yawa, wanda fitsarinsa da kashinsa suke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, kuma ta fi tashi da rani. Ka hana yara taɓa su, balle gasawa. Wanda ya yi farauta, cikin mako 3 zazzaɓi ya kama shi ya ƙi jin maganin cizon sauro, a kai shi asibiti, ya kuma faɗa wa likita abin da ya taɓa.

Bayan shuka

Mako biyu na farko su ne na tsaro. Mayar da tarkunan kurege bakin kunyoyin da ke kusa da suri da iyaka, don daga nan tono yake farawa. Yaro da gwangwani da danƙo daga hantsi zuwa azahar yana rage ɓarna ƙwarai. Da tsiro ya yi ganye huɗu kana iya sassautawa, sai kuma gyaɗa ta soma zuba ko masara ta yi goyo ka sake zagayen toshe ramuka kamar yadda ka yi da bazara. Duk ramin da ka tona ko ka kashe mai shi, cike shi da ƙasa da duwatsu ka daddale. In ka bar shi a buɗe wani zai tare a ciki, ranar huɗa kuma san noma yana iya zurma ƙafa ya karye.