Ba Kowane Ciwon Ƙirji Ne Olsa Ba

A Rimin Gado, kamar sauran ƙauyukan da ke kan hanyar Gwarzo, ba baƙon abu ba ne ka ga dattijo yana huɗa, ya tsaya ya dafe ƙirji, ya huta a gindin bishiya, sannan ya koma aiki. Da ya dawo gida sai ya ce olsa ce ko ƙwannafi, a jiƙa masa kanwa. Alhali wani lokaci zuciyarsa ce ke neman agaji.

Zuciya tsoka ce, kuma tana da jijiyoyin da ke ciyar da ita jini. Idan kitse ya taru ya ƙuntata su, jinin kan wadatar lokacin hutu, amma ya gaza idan aiki ya yi nauyi. Ciwon da ke biyo baya shi likitoci ke kira anjaina.

Yaya ake gane shi? Ba suka yake kamar allura ba. Nauyi ne ko matsi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora wa mutum buhun gero. Yakan sauka hannun hagu, ko ya hau wuya da muƙamuƙi. Noma, jan ruwa a rijiya, tuƙa keke, ɓacin rai ko sanyin hunturu kan tayar da shi, kuma yakan lafa cikin mintuna kaɗan idan an huta. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga kuwa, wani lokaci haki, tashin zuciya ko kasala kawai suke ji.

Masu hawan jini, masu suga da masu shan taba sun fi shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019.

Duk wanda ciwon ke zuwar masa yana tafiya, ya je asibiti a auna jininsa, ya nemi gwajin ECG. Akwai likitocin zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan kuwa ciwon ya zo yana zaune, ko ya ƙi lafawa bayan hutu, ga gumi mai sanyi, kada a jira gari ya waye. A nemi mota nan take.

Uwargida, ke kika fi kowa ganin lokacin da maigida ke dafe ƙirji ya yi shiru. Ki tambaye shi. Allah ya ƙara mana lafiya.