2.4 Tarihin Adana Rubutun Hannun Littafin *Der Process* na Franz Kafka

A sashen da ya gabata an yi bayanin abin da ake nufi da rubutun hannu na marubuci. A wannan sashe kuwa za a kawo misali guda ɗaya daga ƙasashen Turai, domin a nuna irin hatsarin da irin wannan rubutu kan shiga, da kuma amfanin da manazarta kan samu idan ya tsira.

An haifi Franz Kafka a birnin Firag a shekarar 1883. Bayahude ne, kuma da Jamusanci ya yi rubuce-rubucensa. Ya fara rubuta wannan ƙagaggen labari, wanda ma'anar sunansa ita ce "Shari'a", a watan Agusta na 1914, ya dakata a watan Janairu na 1915 ba tare da ya kammala ba. Labari ne na wani ma'aikacin banki mai suna Josef K., wanda aka kama ranar da ya cika shekara 30, aka yi ta jan shari'arsa har aka kashe shi, ba a taɓa gaya masa laifinsa ba.

Yadda Kafka ya yi rubutun shi ne tushen matsalar da ta biyo baya. Babin farko da na ƙarshe ya fara rubutawa, sannan ya riƙa cike tsakani. A cikin littattafan rubutu 10 ya yi aikin, gauraye da wasu rubuce-rubucensa. Daga baya ya ɓalle takardun, ya kasa su ƙunshi-ƙunshi har 16, amma bai sa musu lambar da za ta nuna wanda ke bin wani ba. A haka abokinsa Max Brod ya karɓe su a shekarar 1920.

Kafka ya rasu a shekarar 1924 sakamakon tarin fuka. Ya bar wa Brod wasiyya a rubuce cewa ya ƙone duk abin da ya bari wanda ba a buga ba. Brod ya ƙi cika wannan wasiyya. Hujjarsa ita ce tun Kafka yana raye ya gaya masa ba zai ƙone ba, amma duk da haka bai naɗa wani wasiyyi ba. A shekarar 1925 Brod ya buga littafin a Balin. Shi ya jera babi-babin bisa ga fahimtarsa, ya ajiye waɗanda ba su kammala ba a gefe, ya kuma gyara ƙa'idojin rubutu. Wato ke nan abin da duniya ta fara karantawa akwai hannun mutum biyu a ciki.

Hatsari na biyu shi ne na yaƙi. A watan Maris na 1939, daren da sojojin Jamus za su shiga Firag, Brod ya tsere a jirgin ƙasa da takardun Kafka a cikin akwati, ya isa Tel Aviv a ƙasar Falasɗinu ta wancan lokaci. Da ya bar su a baya, da wuya su tsira, domin gwamnatin Hitila ta haramta littattafan Yahudawa, kuma 'yan'uwan Kafka mata su uku duk sun halaka a hannunta. Haka kuma a lokacin rikicin mashigin Suwes na 1956 an mayar da takardun wani banki a birnin Zurik don gudun abin da ka je ya zo. A shekarar 1961 aka kai waɗanda suke mallakar magadan Kafka ɗakin karatu na Bodleian a Jami'ar Oksifod. Rubutun *Der Process* bai bi su ba, saboda Brod ya ɗauke shi a matsayin kyautar da Kafka ya yi masa, shi kuma ya ba sakatariyarsa Esther Hoffe.

Hatsari na uku shi ne na kasuwa. Brod ya rasu a 1968. Bayan shekara 20, a watan Nuwamba na 1988, Hoffe ta kai rubutun gwanjo a kamfanin Sotheby's da ke Landan, aka sayar a kan kimanin fam miliyan 1. An yi dace cewa Ma'adanar Adabin Jamusanci da ke garin Marbach aka saya wa. Da wani attajiri ne ya saya ya kulle a gidansa, da manazarta sun rasa hanyar ganinsa. Sauran takardun Brod kuwa sai da aka yi doguwar shari'a a kansu, har kotun ƙolin Isra'ila ta mallaka wa ɗakin karatu na ƙasar a 2016.

Amfanin wannan adanawa ya fito fili. A shekarar 1990 Malcolm Pasley ya fitar da sabon bugu wanda ya dogara da rubutun hannun, ya mayar da kalmomin Kafka da alamomin rubutunsa. A 1997 kuma aka buga hoton kowane shafi a cikin ƙananan littattafai 16 da ba a ɗinke su wuri ɗaya ba, domin mai karatu ya ga inda Kafka ya soke da inda ya sauya, ya kuma yi nasa hukunci game da jerin babi-babin. Gani ya kori ji.

A taƙaice, Brod ya saɓa wa abokinsa sau biyu, wajen ƙin ƙonewa da wajen gyara. Amma da yake ya adana asalin, ya bar wa na baya abin da za su auna aikinsa da shi. Wannan darasi ya shafi nazarin ƙagaggun labaran Hausa na gasar 1933, irin su *Ruwan Bagaja* da *Ganɗoki* da *Shaihu Umar*, waɗanda suka bi ta hannun Rupert East a Zariya kafin a buga su. Rubutun hannu ne shaidar da ke iya rarrabe abin da marubuci ya rubuta da abin da edita ya taɓa, kuma a kan haka sashe na gaba zai yi bayani.