Itacen tik: ko na gandu zai maye gurbin na daji?

Yayin da dazuzzukan tik na asali ke ƙara raguwa a nahiyar Asiya, hankalin 'yan kasuwar katako ya koma kan wanda ake shukawa a gandaye. Sai dai ingancin katakon ya ta'allaƙa ne ga yawan shekarun da bishiyar ta yi kafin a sare ta.

Shi dai itacen tik asalinsa daga ƙasashe huɗu ne, wato Indiya da Myanmar da Tailan da kuma Laos. Ya yi suna ne saboda wani irin mai da ke cikinsa, wanda ke hana gara cinsa, yake kuma kare shi daga ruɓewa ko da ya daɗe cikin ruwa. Wannan ne ya sa tun zamanin da ake ƙera jiragen ruwa da shi, baya ga ƙofofi da kujeru masu tsada.

Matakan hana sara

Yawan sarar da aka yi wa dazuzzukan ya tilasta wa hukumomi ɗaukar matakai. A shekarar 1989 Tailan ta haramta sare itatuwa a dazuzzukanta, sannan a 1996 kotun ƙolin Indiya ta taƙaita hakan. Ita kuwa Myanmar, wadda tik ɗinta ya fi daraja a kasuwannin duniya, ta hana fitar da gumagumai zuwa ƙetare a 2014. Bayan juyin mulkin soja na 2021, Amurka da Tarayyar Turai sun ƙaƙaba takunkumi kan kamfanin katako mallakar gwamnatin ƙasar.

Shuka tik dai ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1840 aka kafa gandunsa a Nilambur da ke jihar Kerala ta Indiya. Kazalika a farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka shuka shi a dajin Olokemeji, kusa da Ibadan. A yau ana samunsa a Ghana da Togo da Benin da kuma dajin Nimbia a kudancin jihar Kaduna, inda ake yin turakun wutar lantarki da shi, ana kuma sayar da shi ga Indiya.

Inda bambancin yake

Idan aka tsaga gungumen tik, za a ga ɓangare biyu. Akwai farin itace a ƙarƙashin ɓawo, wanda gara ke iya ci, akwai kuma zuciyar itacen mai launin zuma, inda man yake taruwa. Gwargwadon tsufan bishiya, gwargwadon faɗin zuciyarta.

A da, akan bar bishiya ta shekara 60 zuwa 80 a gandu. Yanzu masu zuba jari da dama kan sare ta tana da shekara 20 zuwa 25. Binciken masana gandun daji a Kerala ya nuna cewa katakon bishiyar da ta girma da sauri bai gaza na tsohuwa sosai wajen ƙarfi ba, amma gungumen kan kasance siriri, zuciyarsa ƙarama, launinsa kuma bai kai na daji ba. Saboda haka farashinsa kan yi ƙasa.

Masana na cewa kulawa na iya rage wannan giɓi. Bishiyar na buƙatar ƙasa mai zurfi da ba ta riƙe ruwa, da damina mai ƙarfi, da kuma rani na wata uku zuwa biyar. Wajibi ne a riƙa datse rassa domin katakon ya fito babu ƙulli, a kuma riƙa rage bishiyoyin lokaci zuwa lokaci domin sauran su yi kauri.

Matsalar muhalli

Gandun da aka cunkushe da tik zalla kan hana ciyawa tsirowa a ƙarƙashinsa, lamarin da ke haddasa zaizayar ƙasa, musamman idan gobarar daji ta cinye busassun ganyaye. Haka nan idan aka share dajin asali domin a shuka tik, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Wata mafita ita ce tsarin taungya da aka aro daga Myanmar, inda manoma ke shuka masara ko rogo a tsakanin ƙananan bishiyoyi a shekarun farko. Ta haka manomi na samun abinci yayin da yake jiran katakon ya nuna, domin rashin abin sawa a baki ne ke sa da yawa sayar da bishiyoyinsu tun ba su kai ba.