Giya, Yunwa da Ciwon Zuciya

Jin yunwa da jin ƙoshi ba aikin ciki kaɗai ba ne. Akwai wasu sinadarai da jiki yake zubawa cikin jini, su kai saƙo ƙwaƙwalwa. Masana suna kiran su homon. Biyu daga cikinsu sun fi shahara, wato leftin da girelin.

An gano leftin a shekarar 1994 a Jami'ar Rockefeller ta birnin New York. Kitsen jiki ne yake yin sa, kuma shi yake sanar da ƙwaƙwalwa yawan kitsen da aka tara. Girelin kuwa an gano shi a 1999 a wata cibiyar binciken cututtukan zuciya da ke Osaka a ƙasar Japan. Tumbi ne yake fitar da shi. Yakan ƙaru kafin lokacin cin abinci, ya ragu bayan an ci.

Giya tana rikita wannan tsari. Gwaje-gwaje sun nuna cewa idan mai lafiya ya sha giya, girelin ɗin jininsa yakan ragu na wasu sa'o'i. Da za a bi wannan, sai a ce yunwa za ta tafi. Amma sau da yawa mashayi yakan ci fiye da yadda ya saba, domin giya tana rage masa kamun kai. Ban da haka, kowane giram na barasa yana da kalori 7, alhali giram na sukari 4 ne kawai. Ga waɗanda giya ta zame musu jiki, an lura cewa yawan girelin yana tafiya tare da ƙarfin sha'awar shan.

Wannan magana tana da nauyi ga mai ciwon zuciya. Idan ya yi ƙiba, aikin zuciya yana ƙaruwa, hawan jini kuma yana tsananta. Idan zuciya ta daɗe tana gazawa, wasu marasa lafiya sukan rame ƙwarai. A jikin irin waɗannan an tarar girelin ya hau, kamar jiki yana roƙon abinci. Mashayin da ya mai da giya abincinsa yana hana jiki abin da yake nema, har da bitamin B1 wanda zuciya take bukata.

A da ana cewa ɗan shan giya yana kare zuciya. A 2022 Tarayyar Zuciya ta Duniya ta ce babu adadin da yake da amfani ga zuciya. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya, aka buga a 2020, ya duba mashaya 140 masu rikicewar bugun zuciya. Cikin waɗanda aka sa su daina sha, ciwon ya dawo wa kashi 53 cikin ɗari. Cikin waɗanda suka ci gaba, ya dawo wa kashi 73. Saboda haka likita yakan tambayi mai ciwon zuciya abin da yake sha kamar yadda yake tambayar abin da yake ci.