Mahaɗar ƙarafa biyu da ta faɗaɗa cikin faifan kwamfuta

A shekarar 1988 wasu masana kimiyya biyu, kowa a ɗakin bincikensa, suka ci karo da abu guda. Albert Fert a Orsay, kusa da birnin Paris na Faransa, ya jera fallayen baƙin ƙarfe da na kiromiyam, ɗaya bisa ɗaya, kowane falle kaurinsa 'yan nanomita kaɗan ne. Da ya sanyaya su zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, ya kuma sa su cikin ƙarfin maganaɗisu, sai turjiyarsu ga wutar lantarki ta ragu da kusan rabi. Peter Grünberg a Jülich ta Jamus ya ga irin wannan da fallaye uku kacal, ko da yake sauyin nasa ƙarami ne. Wannan gagarumin sauyin turjiya, da ake kira GMR a taƙaice, shi ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2007.

Kowace ilektiron tana da wata ɗabi'a mai kama da ƙaramin maganaɗisu, mai fuskantar sama ko ƙasa. Tun 1936 Nevill Mott ya nuna cewa a cikin ƙarfe mai maganaɗisu, wuta tana gudana tamkar rafuka biyu, kowane rafi da nasa cikas. Idan fallayen ƙarfen suna fuskantar gefe guda, rafi ɗaya yakan samu hanya a buɗe. Idan kuwa suna saɓa wa juna, ilektiron da ta tsallake wannan falle sai ta yi karo a na gaba, turjiya ta hau. Sharaɗin shi ne fallayen su yi sirantar da ilektiron za ta iya ratsa su kafin ta warwatse.

To amma a ina ake karon, cikin naman ƙarfen ko a bakin mahaɗa? An daɗe ana muhawara a kan wannan. Stuart Parkin na kamfanin IBM ya ba da amsa mai gamsarwa a 1993: ya yayyafa kobalt mai kaurin atom ɗaya ko biyu daidai inda gauran nikel da ƙarfe ya haɗu da jan ƙarfe, sai sauyin turjiyar ya ƙaru ƙwarai. Da aka sa wannan kobalt ɗin can tsakiyar fallen, bai taɓuka abin kirki ba. A ganina wannan gwaji ya fi lissafi mai yawa fayyace lamarin. Dalilin kuwa, a tsarin kobalt da jan ƙarfe, nau'in ilektiron ɗaya yana tarar da matakan makamashi sun yi daidai a ɓangarorin biyu, ya wuce salin-alin. Ɗayan nau'in kuma yana tarar da tudu, ya warwatse.

Batun kaushin mahaɗar ya fi sarƙaƙiya. Kaushi kaɗan na iya ƙara bambanci tsakanin rafukan biyu, kamar yadda aka gani a wasu gwaje-gwajen ƙarfe da kiromiyam. Amma idan ƙarafan suka cakuɗe sosai, atom-atom na bakin iyaka sukan rasa maganaɗisunsu, duka rafukan su toshe, ribar ta tafi.

A ƙarshen 1997 IBM ya fitar da faifan ajiya mai gigabait 16.8, wanda kan karatunsa ke aiki da wannan ka'ida, abin da ya ba da damar matse bayanai a ɗan ƙaramin fili. Wajen 2005 masana'antu suka fara maye gurbin fallen tsakiya da siririn abin da ba ya ɗaukar wuta, wanda ilektiron ke kutsawa ta cikinsa. Faifan da ke riƙe da takardun ma'aikatu a manyan rumbunan bayanai na yau da irin wannan kan ake karanta shi, kuma a nan ma ingancin mahaɗar ne ke yanke ƙarfin siginar.