«Wane fim ne?»: kacici-kacicin fada da abin da yake tonawa

Duk wanda ya saba zaman fada da dare a Maraɗi ko Damagaram ya san lokacin da hira take yin sanyi: an sha shayi na farko, an gama da siyasa da farashin buhun hatsi, na biyu kuma bai nuna ba tukuna. A irin wannan lokaci ne wani kan gyara zama, ya sake murya, ya jefo maganar da ba tasa ba. Wani sa'in da Faransanci, wani sa'in da Indiyancin da shi kansa bai san fassararsa ba, wani sa'in kuma da Hausar Kano. Sai ya dubi jama'a ya ce: «Wane fim ne?»

Dokar wasan ba ta da wuya. Wanda aka tambaya zai faɗi sunan fim da wanda ya yi maganar. Masu tsanantawa kan ƙara da cewa sai ya faɗi inda aka yi ta da abin da ya biyo baya. Idan ya kasa, sai ya ba da gari, kamar yadda ake yi a kacici-kacicin da muka gada, illa dai garin fada shi ne kuɗin sukari ko na gawayi. Mai jefa tambayar ma yana da nasa sharaɗi: dole ya kwaikwayi muryar. Wanda ya karanto maganar shef-bandi da muryar mai ba da sanarwa a rediyo, dariya za a yi masa, ba a ma tsayawa amsa shi.

Abin da ya sa wannan wasa ya cancanci fili a jarida shi ne, yana nuna shekarun mutum fiye da takardar haihuwarsa. Dattijon da ya yi ritaya daga aikin gwamnati zai kawo maka kaboyi: Django, wanda Franco Nero ya fito a cikinsa a 1966, ko Trinita. Na bayansa zai kawo Bruce Lee, ko da yake a nan ihu da tsalle sun fi magana yawa. Fatake da direbobi kuwa, Indiya ce gonarsu. Fim ɗin Sholay na 1975 shi kaɗai ya isa a raba dare da shi, musamman wurin da ɗan fashi Gabbar Singh yake tuhumar yaransa uku a kan yawan mutanen da suka kore su. Akwai ɗan kasuwar da zai maimaita maka wannan wuri duka, da dariyar mugunta da komai, alhali ko gaisuwa bai iya ba da harshen Hindi.

Wani abin lura ga masu ƙetara iyaka: kaboyi ɗaya ne, amma baki biyu gare shi. Mu a nan da Faransanci muka ji shi, domin fassararren fim ake kawo mana. Ɗan'uwanmu na Katsina da Ingilishi ya ji shi. Shi ya sa idan Bamaraɗe da Bakatsine suka haɗu a wannan wasa, kaboyi kan raba su, Indiya ta haɗa su, tun da ita a bakinta na asali ta iso wa kowa.

Ba haka kawai waɗannan finafinai suka cika mana kunne ba. Tun zamanin mulkin mallaka har cikin shekarun 1970, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai da yawancin gidajen sinima a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Abin da ya yi musu araha shi suke saye: tsofaffin finafinan Amurka da Italiya, da na Indiya da Masar. Faifai ɗaya zai yi ta zagaye gari gari, ya tafi ya dawo, har ya ƙoƙe. Yaron da ya samu kuɗin tike yakan kalli fim guda sau biyar ko goma, ba don ya zaɓa ba, sai don shi ne ke akwai. Hadda kuwa, kamar yadda kowane almajiri ya sani, maimaici ke kawo ta.

Masu shirya finafinai na ƙasarmu sun ga wannan al'amari tun da wuri. A cikin Moi, un Noir, wanda Jean Rouch ya ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan, ya kuma samu kyautar Louis-Delluc a 1958, samari ƴan Nijar masu ci-rani sun raɗa wa kansu sunayen taurarin sinima. Oumarou Ganda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indoshin, shi ne ya ɗauki sunan Edward G. Robinson, abokinsa kuma Eddie Constantine. Bayan shekara takwas, a 1966, Moustapha Alassane ya fito da Le Retour d'un aventurier: wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunaye irin su Black Cooper, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Zalika Souley ce ta fito a matsayin Reine Christine. Wato dai Alassane ya ɗauki wasan nan namu na kwaikwayon ƴan fim, ya nuna inda yake kaiwa idan aka ba shi bindiga.

To, a nan ne tambayar take. A cikin dukan zaman da ake wannan kacici-kacici, sau nawa mai karatu ya ji an jefo maganar Cabascabo, ko ta Le Wazzou polygame? Wannan na biyun shi ne ya ci babbar kyautar Etalon de Yennenga ta farko a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, an sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, ɗalibai suna rubuta sunan a jarrabawa. Amma a fada, inda ba a ba da maki sai ga abin da kunne ya riƙe, da wuya ka samu wanda zai kawo jimla ɗaya daga bakinsa.

Wasu za su ce ai da Zabarmanci da Faransanci Ganda ya yi finafinansa, don haka ba laifin Bahaushe ba ne. Wannan hujja ba ta tsayawa. Mutumin da ya haddace Indiyanci, harshen da ke bayan teku, Zabarmancin da yake ji kullum a tasha da kasuwa ba zai gagare shi ba. Gaskiyar magana ita ce, Sholay ya zo ƙofar gidansa sau ashirin, Cabascabo kuwa ya tafi bikin Kan a Faransa da na Mosko a 1969, ya samu yabo, amma bai yi zaman mako mako a sinimomin Maraɗi da Tawa ba.

Daga baya ma gidajen sinimar suka shiga mutuwa. Kaset ɗin bidiyo ya shigo, karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin hayar fim daga waje, kallo ya koma zaure da rumfa, inda yaro zai biya ƴan daloli ya zauna gaban tele. Wanda ya cike gurbin shi ne Kano. Tun daga Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa suka bi hanyar da atamfa da man fetur ke bi, ta Jibiya da Magarya, suka mamaye kudancin ƙasarmu. A karo na farko masu wasan suka samu maganganun da suke fahimta ƙwarai, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya zama rumbun da ba ya ƙarewa. Har mata a gidan biki suna jefa wa juna maganganunsa.

Yau kuma an sake sabon salo. Ɗakunan fassara na Kano, irin su Algaita, suna ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, har da karin magana da ba'ar da babu su a asali. Saurayin yanzu idan ya ce maka ga abin da jarumin Indiya ya faɗa, maganar wani mai fassara ce a Kano yake kawo maka. Dattawa na ganin wannan ha'inci ne a wasa, samari na cewa su dai ba su haddace abin da ba su sani ba. Ga kuma wayar salula, wadda ta sa wasu fadodi kafa doka cewa kowa ya kife tasa kafin a fara, don kada a nemi amsa a intanet.

Wannan sana'a ta fassara ita ce ya kamata ƴan kasuwarmu su duba da idon basira. Ba ta bukatar jari mai yawa: ɗaki, kwamfuta, makirfo da mutane masu baki. Finafinan Alassane, wanda ya zauna shekaru da dama a Tawa kafin rasuwarsa a 2015, ba su ɓace ba. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA a birnin New York ya shirya musu nuni na musamman. Le Retour d'un aventurier minti 34 ne kacal, Cabascabo kuma minti 45. Abin da ake bukata shi ne yardar magada da masu haƙƙin finafinan, da sa hannun hukumar sinima ta ƙasa, sa'an nan a ɗora musu Hausa mai daɗi, a sake su su bi wayoyin jama'a kamar yadda na Indiya ke bi.